Diyyar rauni a wurin aiki: me ake sayarwa a zaman sulhun zaure?

Kwana goma sha ɗaya bayan inji ya cinye hannun ɗan ƙanwata aka aiko mini in zo zaman sulhu. Yaron na kwance a asibitin koyarwa na Shika, an yanke masa hannun dama daga ƙasan gwiwa, ko zaren ɗinkin ba a cire ba. A zauren gidan mahaifinsa aka zauna, a Tudun Jukun, bayan sallar la'asar. Manajan masana'antar ya zo da ambulan mai kauri, da takarda guda da aka buga da Turanci, da wani dattijo da duk unguwa ke jin nauyinsa. Ya durƙusa ya gaishe mu, sannan ya ce wa mahaifin, "Baba, Alhaji ya ce a yi muku sannu da mai jiki. Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Kuɗin asibiti duk yana wuyansa, ga wannan kuma a ja wa yaro jari idan ya tashi. Sai dai a sa mana hannu a nan, a rufa wa juna asiri."

Mahaifin ya dube ni, na dube shi. Bashin magani ya riga ya hau kansa, matar yaron na da tsohon ciki, kuma dattijon da ya rako manajan ba wanda za a yi wa musu ba ne. Aka dangwala yatsa, ni ma na sa hannu a matsayin shaida, muka shafa fatiha. Naira miliyan ɗaya da rabi ce a cikin ambulan. A ranar, wallahi, mun ga kamar an yi mana mutunci.

Cikinmu babu wanda ya tambayi abin da muka sayar. Mun ɗauka ciwo ake biya, wato jinin da ya zuba da kwanakin da aka yi a gadon asibiti. Alhali abin da takardar nan ke son saye shi ne ƙarfin neman abincin yaro ɗan shekara 30, daga ranar har tsufansa. Irin wannan zama ana yin sa a Zariya fiye da yadda ake zato: a gidajen bulo, da 'yan katako na Sabon Gari, da wuraren casar shinkafa da niƙa, da masana'antun Dakace da Chikaji, da manyan gine-ginen da leburori ke hawa da kwanon kankare a ka ba igiya ba hular kwano. Shi ya sa na ga ya kamata a warware maganar, domin sai daga baya na san cewa akwai doka sukutum a kanta.

Sunanta Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda shugaban ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, ya sa wa hannu a watan Disamba na shekarar. Ita ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. A tsohon tsari mai kamfani ne ke biyan wanda ya ji rauni daga aljihunsa ko ta hanyar kamfanin inshorarsa, kuma kuɗin a dunƙule ake bayarwa sau ɗaya: albashin wata 54 ga wanda ya naƙasa gaba ɗaya, albashin wata 42 ga iyalan wanda ya rasu. Sabuwar dokar ta juya abin. Kowane mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ce ko ɗan kasuwa, zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata a wani asusu da ke hannun NSITF, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da inshorar ma'aikata. Idan tsautsayi ya faɗa wa ma'aikaci, daga asusun nan ake biyansa. Ma'aikaci ba ya zuba ko kwabo, kuma dokar ta hana mai kamfani ya cire kuɗin daga albashinsa.

A duba ƙanƙantar abin. Mai gidan bulo da ke da yara goma, kowanne yana karɓar naira dubu 80 a wata, jimillar albashinsa dubu 800 ke nan, abin da zai zuba kuwa dubu 8. Bai kai kuɗin buhun siminti guda ba.

Abu biyu ne suka fi ba ni mamaki da aka karanta mini dokar. Na farko, wanda take kira ma'aikaci. Mu a nan idan aka ce ma'aikaci, hankali na tafiya ga mai takardar ɗauka da katin shaida a wuya. Dokar ba ta tsaya nan ba. Ta haɗa wanda aka ɗauka da baki ba rubutu, da ɗan wucin gadi, da mai aikin rabin yini, da yaron da ke koyon sana'a a ƙarƙashin maigidansa, har da ɗan aikin gida muddin ba ɗan uwan masu gidan ba ne. Sojoji kaɗai ta ware, ban da fararen hular da ke aiki tare da su. Saboda haka maganar nan da ake rufe bakin mutane da ita, "ai shi ba cikakken ma'aikacinmu ba ne, lebura ne kawai," ba ta da gindin zama a gaban doka.

Na biyu, ba sai an tabbatar da laifin mai kamfani ba. A zauren namu manajan ya ɗan taɓo cewa yaron ne ya kai hannu yana son zare abin da ya maƙale ba tare da ya kashe injin ba, mu kuma sai jikinmu ya yi sanyi, muka ga kamar alfarma ake yi mana. Alhali tsarin asusun ba shari'ar wa ya yi laifi ba ce. Abin da ake tambaya shi ne: a bakin aiki ko a dalilin aiki raunin ya faru? Idan haka ne, haƙƙi ya tabbata. Har hatsarin da ya samu mutum a hanya tsakanin gidansa da wurin aiki yana ciki, ko tsakanin wurin aiki da inda ya saba cin abinci ko karɓar albashi, idan dai maigidansa na da masaniyar wurin tun da farko. Wanda babur ya kayar a Kwangila yana hanyar zuwa aiki da safe yana da magana. Haka wanda ƙarar inji ta kashe wa kunne a hankali, da wanda ƙurar auduga ko ta siminti ta lalata wa huhu, domin dokar ta ambaci cututtukan da sana'a ke jawowa da raunin ji, har da taɓuwar hankali da wani mummunan abu a wurin aiki ya haddasa.

To nawa ake biya? A nan ne ya kamata kowa ya ɗauki biro. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya, ba zai sake iya aiki ba, dokar ta ce a riƙa ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Wanda naƙasar ta rage masa ƙarfi amma ba ta kwantar da shi ba, ana ƙiyasta abin da ya rasa na samu a dalilin raunin, a ba shi kashi 90 cikin 100 na wannan giɓin, shi ma duk wata. Ana ci gaba da biya har ya kai shekara 55, ko shekarar da hukumar ta gamsu cewa a ita ne da zai ajiye aiki idan ta wuce haka. Wanda raunin ya same shi yana da 55 ko fiye, ana biyansa na shekara biyu aƙalla. Raunin da zai warke cikin shekara guda shi ne ake biya a dunƙule. Bayan wannan akwai kuɗin jinya da tiyata da magani, da sanduna, da hannu ko ƙafar roba, da taimakon koyon wata sana'ar da ta dace da yadda jikin ya koma.

Mu yi lissafi da mai albashin dubu 80, ɗan shekara 30. Idan ya naƙasa gaba ɗaya, dubu 72 ke nan duk wata. Daga 30 zuwa 55 shekara 25 ce, wato wata 300, jimilla naira miliyan 21 da dubu 600. Idan kuma aka ƙiyasta rabin ƙarfin samunsa ne ya tafi, giɓin dubu 40 ne, abin da zai riƙa karɓa dubu 36, a wata 300 ya zama miliyan 10 da dubu 800. Yanzu a ɗora miliyan ɗaya da rabin da ke cikin ambulan a kan wannan ma'auni. A lissafi na biyu, mai sauƙin, ba ta wuce kuɗin shekara uku da rabi ba. A na farko ko shekara biyu ba ta cika ba. Ko tsohuwar dokar da aka soke don ta gaza, da ita aka bi, wanda ya naƙasa gaba ɗaya zai tashi da miliyan 4 da dubu 320.

Kuɗi a dunƙule yana da kwarjini, musamman a idon wanda bai taɓa riƙe dubu ɗari biyu tasa ta kansa ba. Amma kowa ya san yadda yake tafiya a gidajenmu. Da farko a biya basussukan jinya. Sai 'yan uwa su ji labari, kowa da tasa larurar, kuma ba a iya cewa babu alhali an san akwai. Sai suna, sai kuɗin haya, sai a ce a sayi babur a ba wani ya riƙa kawo balas, babur ɗin ya lalace ko a sace. Abin da ya rage kuma tsadar rayuwa ta lashe. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira dubu 18 ne a 2011, ya koma dubu 30 a 2019, ya koma dubu 70 a 2024, kuma duk wanda ke cefane a kasuwar Tudun Wada ya san ko a hakan kwanon masara ne ke gaba, albashi na binsa a baya. Wanda aka sallama da kuɗin da ake ganin mai tsoka ne kafin cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ya san abin da kuɗin ya koma bayan shekara guda. Gaskiya ne tsadar na cin biyan wata-wata shi ma, amma shi aƙalla ba ya ƙarewa rana ɗaya, kuma ba wanda zai zo ya ranci na baɗi.

Abin da ya fi komai damuna shi ne lokacin da ake yin zaman. Kusan kullum a makon farko ko na biyu ake zuwa, lokacin da gida ke cikin ruɗu, aljihu ya bushe, kuma ko likita bai gama sanin inda raunin zai tsaya ba. Karaya takan ƙi haɗuwa a koma tiyata. Ciwo kan ruɓe a ƙara yanka daga sama. Wanda ya faɗo daga bene ana ganin bayansa ne kawai ya bugu, sai bayan wata biyu a gane ƙafafun ba za su sake ɗaukarsa ba, ga larurar fitsari da gyambon kwanciya da za su bi shi tsawon rai. Hannun roba ma ba sau ɗaya ake sayensa ba, yana lalacewa, dungun yana sauya siffa, a sake aunawa a sake yin wani. Wanda ya yanke farashi kafin a san duk wannan, ya sayar da kaya a cikin buhu, shi kansa mai kayan bai kwance bakin buhun ba. Ban ce kowane mai kamfani da gangan yake gaggawar ba. Wasu tsoro ne ke korarsu, wasu da zuciya ɗaya suke son taimakawa. Amma ko da wace niyya aka zo, gaggawar gefe ɗaya take amfana.

Akwai kuma maganar da ta fi kuɗi nauyi a zauren, ita ce ta ƙaddara da yafiya. Da zarar wani ya ce "Allah ne ya kawo," sai duk wanda ya buɗe baki zai yi lissafi ya ji kamar yana jayayya da hukuncin Ubangiji. Wannan fahimta ba daga malamanmu ta fito ba. Zariya garin ilimi ne, duk wanda ya zauna gaban malami a cikin birni ya karanta babin diyya a littafin fiƙihu na Risala ya san cewa shari'a da kanta ta yi wa gaɓoɓi ƙima. Rai raƙuma 100 ne ko dinari 1,000 na zinariya. Hannu ɗaya rabin diyya ne, ido ɗaya haka, kowane yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5, kamar yadda ya zo a wasiƙar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rubuta wa Amru ɗan Hazmu. Kuma wannan hukunci ya shafi kuskure, abin da ba wanda ya yi niyyarsa. Ashe ke nan imani da ƙaddara bai taɓa soke diyya ba. Har ma akwai wata hikima da ta yi kama da tsarin asusun nan: diyyar kuskure mai nauyi ba a ɗora wa mutum ɗaya, dangi ne da ake kira aƙila ke haɗa ta su biya cikin shekara uku, don kada mai haƙƙi ya tashi a tutar babu, kada kuma wanda abin ya faru ta hannunsa ya durƙushe. Hukuncin ko wani rauni na musamman ya wajabta diyyar shari'a a kan maigida, wannan na malamai ne da alƙalai, domin suna duba yadda abin ya faru. Abin da nake cewa kawai shi ne neman haƙƙi ba ƙarancin tawakkali ba ne.

Yafiya kuwa abu ne mai girma, ba na raina ta. Sai dai mai haƙƙi ne ke yafewa, kuma bayan ya san abin da yake yafewa. A zaman namu mai haƙƙin na Shika, allurar barci ba ta gama sakinsa ba. Matarsa na cikin gida ba wanda ya leƙa ya ji ta bakinta, alhali ita za ta ɗauki rabin wahalar. Mu da muke da hannuwanmu biyu-biyu muka yafe a madadinsa.

Ga wanda ya riga ya sa hannu, ƙofa ba ta rufe ba. Dokar 2010 ta ce ba a yarda ma'aikaci ya ƙulla yarjejeniya da maigidansa kan ya haƙura da diyyar da dokar ta ba shi ko ta ba iyalinsa ba, kuma duk wata yarjejeniya irin wannan, ko da wace siga aka rubuta ta, ɓatacciya ce. Wato takardar zaure ba ta kashe haƙƙin da mutum ke da shi a asusun. Abin da ke kashe shi lokaci ne. Ma'aikaci ko wani nasa zai sanar da maigida cikin kwana 14 da faruwar abin. Maigida zai kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, idan rasuwa ce kuwa nan take. Takardar neman diyya kuma a shigar da ita cikin shekara guda, sai idan akwai uzuri na musamman da hukumar ta karɓa, shi ne ake iya ɗagawa zuwa shekara uku. Wanda bai gamsu da abin da hukumar ta yanke ba yana da kwana 180 ya nemi ta sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kaduna. Yawancin mutanenmu shekarar nan a kan "Alhaji ya ce a ƙara haƙuri" take ƙarewa.

Sanarwar kwana 14 ɗin nan a yi ta a rubuce, ko da manajan da idonsa ya ga jinin. Layi huɗu ya isa: sunan wanda ya ji rauni, rana da lokaci, wuri, da yadda abin ya faru, a ajiye kwafi. A ɗauki hoton injin tun ba a yi masa murfi ba, domin sau da yawa washegari ake gyara abin da aka shekara ana ƙorafi a kansa. A rubuta sunayen abokan aikin da ke wurin, a adana katin asibiti da hoton ƙashi da rasit ɗin kowane magani, da saƙon banki na albashi idan ta banki ake biya. Wanda ake biya hannu da hannu ya nemi duk abin da zai nuna nawa yake karɓa, ko da littafin da ake sa hannu ne, domin a kan albashin ake gina dukkan lissafin. Akwai kuma inda al'adarmu ke cutar da mu ba mu sani ba: da yawa daga wurin aiki gidan maɗori ake wucewa da mutum. Ko da za a yi ɗorin gida, a fara zuwa asibiti a ɗauki hoto likita ya rubuta abin da ya gani, domin da rahoton likita ake auna naƙasa, maɗori kuwa ba ya ba da takarda.

Ba zan ɓoye inda gizo ke saƙar ba. Asusun na tafiya daidai ne ga wanda maigidansa ya yi rajista yana kuma zuba kasonsa. Manyan kamfanoni da masu neman kwangilar gwamnati sukan yi, domin ana tambayarsu takardar shaidar biya. Ƙananan wuraren sana'a, inda mafi yawan yaranmu ke aiki kuma inda injinan suka fi tsufa, da yawansu ko sunan hukumar ba su sani ba. Idan aka je aka tarar ba rajista, magana takan yi tsawo, kuma sau da yawa wannan ne ainihin abin da ke sa maigida ya yi sauri ya aiko da ambulan kafin zancen ya fita waje. Rashin rajistar laifinsa ne a gaban doka, ba na yaro ba, kuma sanin haka kaɗai na sauya yadda ake zama da shi.

Hanya ta biyu ita ce kotu, a kan sakaci. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace sassan inji masu hatsari, ta kuma wajabta a kai rahoton duk hatsarin da ya yi kisa ko ya hana mutum aiki fiye da kwana uku. Inda aka cire wa inji murfi don aiki ya yi sauri, ko aka sa sabon yaro a kansa ba horo, ko aka bar wayar lantarki tsirara, lauya na iya gina ƙara a kai. A kotu ana iya samun abin da asusun ba ya bayarwa, kamar diyyar raɗaɗi da ta rasa jin daɗin rayuwa. Amma a can sai ka kawo hujjar laifi, shari'a na iya cin shekaru, ita ma tana da wa'adin shigarwa, kuma a nan ne takardar da aka dangwala wa yatsa ke iya zama makami a hannun lauyan kamfani, ya ce an riga an sasanta. Ba a kuma cin tudu biyu: wanda ya zaɓi kotu ya rufe wa kansa ƙofar asusun a kan wannan raunin. Inda wani na daban ne ya jawo hatsarin, misali direban tifar wani kamfani ya take lebura a wurin gini, dokar ta ba da wata shida a zaɓi ɗaya. Wannan zaɓi ba na yi a tsaye ba ne. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, ko ya tambaya a tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, ko ƙungiyar ƙwadago idan yana cikinta.

Idan rasuwa ce, biyan wata-wata ya koma kan waɗanda mamacin ke ciyarwa. Matar da ya bari da 'ya'ya biyu ko fiye tana karɓar kashi 90 cikin 100 na albashinsa, mai ɗa ɗaya kashi 85. Marayun da ba uwa ba uba, ɗaya kashi 40, biyu kashi 60, uku ko fiye kashi 80 na abin da za a riƙa biyan mamacin da a ce naƙasa gaba ɗaya ya yi, har su kai shekara 21 ko su gama digirin farko, duk wanda ya riga zuwa. A lura, wannan kuɗin ciyarwa ne ga waɗanda suka dogara da shi. Idan aka karɓi dunƙulallen kuɗi a zaure kuwa, yakan faɗa hannun manyan gida, mai takaba na ɗaki ba ta san nawa aka kawo ba, jaririn da ke bayanta kuma shekara ashirin na gabansa.

Duk da haka ban ce a daina sulhu ba. Akwai inda shi ne mafita: wurin da ba rajista, maigidan da ke iya rufe shago gobe ya bar gari, ko gidan da ba zai iya jiran shari'a ba. Amma sulhu da sani daban yake da sulhun ruɗu. Abin da aka kawo a makon farko a karɓa da sunan kuɗin jinya, a rubuta hakan ƙarara, kada a yarda da jimlar da ke cewa magana ta ƙare. A jira likita ya ce ciwon ya tsaya ya kuma rubuta girman naƙasar. A yi lissafin shekarun da suka rage kamar yadda muka yi a sama, a san daga inda ake ragowa. A sa wani amintacce da ba daga ɓangaren kamfani ya fito ba ya karanta takardar ya fassara ta layi-layi, mai raunin da matarsa suna zaune suna ji.

Mu sai a wata na tara muka farga, lokacin kuɗin ambulan sun ƙare, dungun hannun kuma ya sake tsiro da ƙashi ana maganar wata tiyatar. Wani lauya ɗan unguwarmu ya karanta kwafin takardar, ya tambayi ranar da abin ya faru, ya ƙirga watanni a yatsunsa, ya ce, "Kawu, saura wata uku, kada a ƙara kwana." Da aka bincika sai aka tarar masana'antar ba ta taɓa zuba ko sisi a asusun ba. Ya rubuta musu wasiƙa. Bayan mako biyu aka sake zama a zauren nan dai, da dattijon nan dai, amma wannan karon yaron na zaune a tsakiya, rahoton likita na gabansa, matarsa na bakin ƙofar tsakar gida da goyonta tana saurare. Sabuwar takardar da Hausa da Turanci aka rubuta ta. Ta ce kamfani zai biya tiyatar da ke tafe, zai sai masa hannun roba a asibitin ƙashi na Dala a Kano ya kuma sabunta shi idan ya lalace, zai mayar da shi aiki a ɗakin ajiya a kan albashinsa na da, kuma zai yi wa sauran ma'aikatansa rajista kafin ƙarshen watan. Yaron ya ce a sake karanta masa layin hannun roba, aka karanta, sannan ya dangwala da babban yatsansa na hagu.